Baba, Zaɓo Masa Ƙarama

Ofishin Akawu a saman bene yake, tagarsa ta gilashi tana kallon lungun ƙarfe da ake koro shanu ta cikinsa zuwa wurin yanka. Wanda ya zana ginin mayankar ya yi haka ne domin akawu ya riƙa ganin abin da ya shiga da abin da ya fita. Bai kawo a ransa cewa akawun zai riƙa ganin wasu abubuwan ba.

Ta wannan taga ya ga mutuwar Ba-Gudu. Wani jan bijimi ne mai karkataccen ƙaho ya ji ƙarnin jini, ya ƙi gaba, ya shiga dukan shingen lungun har ginin yana amsawa. Aiki ya tsaya. Helma, shugaban mahauta, ya ɗaga murya kamar yadda aka saba: "Ina jarumin bana?" Ba-Gudu ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a gaban riga, ya haura shingen da igiya a kafaɗa. Ƙahon ya same shi a ƙasan haƙarƙari. Bijimin ya ɗaga shi ya maka da ƙarfe, ya sake ɗagawa ya maka, sannan ya bi ta kansa da kofato. Da aka janyo shi ta ƙarƙashin shinge hanjinsa na biye da shi a kan siminti, kuma mutanen da suka tsufa suna feɗe ciki suka kau da kai. Mai wankin ƙasa ya kunna tiyo. Jinin mutum da na dabba magudana ɗaya suke bi a wannan wuri, domin ba a gina ta biyu ba.

Ba-Gudu ba sunansa na yanka ba ne. Akawu ne ya raɗa masa, ba da niyya ba.

Asalin abin shi ne, shekarun baya wani bijimi ya ƙwace ya nufi Manaja, sai wani mahauci ya faɗa wa wuyansa. Manaja ya tsira, mahaucin ya bar ƙugunsa a wurin. Manaja mutum ne mai son taro da son Turanci, saboda haka ya sa aka ƙera allon tagulla, ya ce wa Akawu ya nemo kalmar Turanci ta jarumta a zana a kai. Akawu ya ɗauko mafi sauƙi, wato "brave". Mahauta suka tauna ta iya ƙarfinsu, ta fito Birebu, mutumin ya zama Birebu har yau.

Da shekara ta zagayo Manaja ya ce kamfani mai daraja ba ya maimaita kalma. Nan Akawu ya shiga ƙamus da gaske, ya tarar Turanci ya yi wa jarumta tanadi kamar mai shirin fari. Akwai kalmar sojan da ya tsaya a bakin daga. Akwai ta mai kutsawa inda ba a taɓa shiga ba. Akwai ta wanda ba ya jin tsoro sam, wadda ta bambanta da ta wanda yake ji amma ya haɗiye. Akwai ta mai kare mata cikin ladabi, akwai ta mai tsaurin ido, har akwai wadda aka aro daga zuciyar zaki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi a kan takardun fatu, a karon farko an tambaye shi abin da ke buƙatar ɗanɗano. Ya ji daɗin aikin ƙwarai. Kowace shekara yakan tsaya gaban lasifika ya fassara wa mahauta kalmar, fassarar kuma ta manne wa mai allon ta zama sunansa.

Kafin zuwan alluna, idan bijimi ya haukace a lungu, rufe ƙofar gaba da ta baya ake yi, a bar shi ya gaji don kansa, sannan a zura masa igiya daga sama. Hanya ce mai cin lokaci, motocin nama kuwa ba sa son jira. Ba wanda ya soke ta. Manaja bai taɓa cewa wani ya shiga lungu ba, kuma da za a rantsar da shi zai rantse da gaskiya. Abin da ya faru kawai shi ne, ya zama abin kunya a tsaya ana jiran dabba ta gaji alhali ga mutum tsaye wanda aka rubuta a bango cewa ba ya gudu. Yanzu Birebu shara yake yi yana jan ƙafa. Zuciyar-Zaki gadin ƙofar lungu yake yi da ido ɗaya da rabin muƙamuƙi. Ba-Gudu kuwa an kai shi gida a naɗe cikin tampol.

Wanda ya kama jan bijimin a ranar, bayan ya gama ɓarnarsa, shi ne Mai-Igiya. Kwanciya ya yi a kan shinge ya jefa zarge daga sama, sannan ya zura hannu ya janyo gawar. Mai-Igiya mijin Auta ne, 'yar Akawu ta ƙarshe.

Ba a daɗe ba Manaja ya kira Akawu, ya nuna masa kujera, abin da ba ya yi sai da dalili.

"Malam Akawu, bana abin a gidanka ya faɗo. Surukinka za mu karrama. Ina son kalma mai nauyi, wadda ta fi ta marigayi."

"Ranka ya daɗe, ta marigayin ma ta yi nauyi."

"To ka ga. Ba za mu ja baya ba."

Labari a mayanka ya fi ƙuda saurin tashi. Da yamma Akawu ya koma gida ya tarar da Auta zaune a bakin gadonsa da jaririyarta a cinya, ta ɗauke ƙamus daga kan tebur ta ɗora shi a ƙasa, ta sa ƙafa ɗaya a kai.

"Baba, an ce kai za ka yi wa mijina suna."

"Ba suna ba ne, Auta, kalma ce. Ɗauke ƙafarki daga kan littafi."

"Ba-Gudu ma kalma ce. Na je gaisuwa gidansa. Matarsa ta ce in tambaye ka, tun da littafin naka ba ya rasa magana, me ya tanadar wa wadda aka kawo wa miji guntu-guntu?"

Akawu ya cire tabarau ya shiga gogewa. Dabara ce da ta fisshe shi a gaban manajoji da yawa, amma ba ta taɓa aiki a kan Auta ba.

"Ni ba na tura kowa lungu," ya ce.

"Na sani. Kai dai wasa wuƙa kake yi, wani ke yankan." Ta gyara wa jaririyar kwanciya. "Ban ce ka hana ba, na san ba ka da wannan ƙarfin. Amma tun da kai ke zaɓa, Baba, zaɓo masa ƙarama. Wadda ko kyanwa ba za a ce ya kama da ita ba."

Washegari Akawu ya tare surukin nasa a bayan ɗakin sanyi, inda yake naɗe igiyoyi. Mai-Igiya dogo ne mai faɗin kafaɗa, mai saurin dariya, irin mutanen da ba su taɓa yin ciwon da ya kwantar da su ba, don haka suke ɗaukar mutuwa a matsayin abin da ke samun marasa kula. Ya rusuna ya gaishe shi, fuskarsa kamar an ba shi kyautar gari.

"Idan Helma ya kira ka, ba dole ne ka shiga ba," in ji Akawu.

"Haba Baba. A kira ni a gaban jama'a in noƙe? Da wane ido zan dubi mutane?"

"Da guda biyu. Zuciyar-Zaki da ɗaya yake dubansu."

Mai-Igiya ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce Baba akwai barkwanci, ya ci gaba da naɗin igiya.

Akawu ya koma ga ƙamus, wannan karon yana neman abin da bai taɓa nema ba. Ya tsallake kalmomin masu takobi da masu kutse. Can ya sami wata doguwa mai tushe a tsohon yare, wadda ba ta da alaƙa da faɗa ko tsalle. Ƙarfin zuciyar mai jinya ce, da na wanda aka ɗora wa wahala ya daure bai yi ƙara ba. Jarumta ce ta zama wuri ɗaya. Ya kai wa Manaja, Manaja ya karanta ta a bayyane, ya ji yadda ta cika masa baki, ya ce lallai wannan ta fi ta bara tsawo, a kai wa maƙeri. Akawu ya sauko daga bene yana jin kansa mai wayo. Ya manta cewa Manaja ba shi ne zai ɗauki sunan ba.

Ranar taron aka jera kujeru a farfajiya da hantsi, aka ɗaura lasifika a jikin fol ɗin lantarki. Ba a dakatar da aiki gaba ɗaya ba, domin motoci na jira, saboda haka jawabin Manaja yana tafe kukan shanu yana yi masa amshi. Aka yi shiru na ɗan lokaci don tunawa da Ba-Gudu, shanun ba su yi ba. Aka miƙa wa Mai-Igiya allo, tagulla mai kauri da kaifin gefe, yana walƙiya. Sannan aka kira Akawu ya fassara.

"Wannan kalma," ya ce, "tana nufin juriya. Tana nufin mutumin da ya iya haƙuri, wanda ya san jira, wanda ba ya gaggawa ko da ana zuga shi."

Sai wani daga baya ya ce, "Wato Mai-Jira ke nan."

"Haƙuri?" in ji Helma, yana juyowa ga mutanensa. "Ashe bana jaki ya kamata a ba."

Dariya ta ɓarke. Wani ya ce a saya masa carbi, wani ya ce a'a, kujerar masu jiran asibiti ta fi dacewa. Wani ya ce suruki ya yi wa suruki ɗinki daidai wuyansa. Akawu ya dubi Mai-Igiya ya ga dariyar ta bar fuskarsa, jijiyar wuyansa ta miƙe, yana riƙe da allon kamar an ba shi garwashi. A nan ya gane abin da ya aikata. Babbar kalma kan sa mutum ya shiga lungu domin ya cika ta. Ƙarama kuwa za ta sa ya shiga da gudu domin ya wanke kansa.

Ba a gama dariyar ba ƙarfe ya yi ƙara daga ciki. Wani baƙin bijimi mai tozo ya tsinke igiyarsa a lungu, ya soki mai koro shi a cinya ya watsar, ya shiga kai wa shinge karo. Mutane suka bar kujeru suka ruga. Mai koron yana kwance yana ihu, jini na tsartuwa tsakanin yatsunsa, aka ja shi gefe.

Helma ya haɗa hannu a baki. "Ina jarumin bana?" Sai ya dafa goshi. "Au, na manta. Bana mai jira aka ba mu. Ku kawo masa kujera ya zauna!"

Mai-Igiya ya juyo ya danƙa wa Akawu allon a ƙirji. "Ku riƙe mini, Baba." Ya fizgi igiya daga kafaɗar wani ya nufi lungun.

Akawu bai taɓa gudu a mayankar nan ba tun da aka ɗauke shi aiki. Ya yi a ranar, da takalmin ofis, a kan siminti mai santsin kitse. Ya ratsa mahauta yana ture su, su kuwa suka ba shi hanya don mamaki. Ya iske surukinsa ya riga ya ɗora ƙafar dama a kan shinge, ta hagu tana tsaye a sandar ƙasa ta waje, duk nauyinsa a kanta. A ƙarƙashinsu bijimin ya ja da baya ya sunkuyar da kai, kumfa na zuba daga bakinsa, ƙahonsa ɗaya ja wur.

"Sauko," in ji Akawu.

"Baba, ku koma ofis."

Akawu ya yi shekaru yana kallon yadda mahauta ke raba gaɓa, bai taɓa zaton ya koyi wani abu ba. Ya kama allon da hannu biyu, ya juya kaifin gefen, ya kai wa gwiwar hagun sara. Na farko ya goce ya yage wando da fata. Mai-Igiya ya waigo, fuskarsa ba fushi, tambaya ce kawai. Akawu ya gyara tsayuwa ya sake kai na biyu da duk abin da ya rage masa na ƙarfi. Kowa a wurin ya san ƙarar fashewar ƙashi, sana'arsu ce, don haka ba wanda ya nemi bayani. Ƙafar ta lanƙwashe ta inda ba a yi ta don lanƙwasa ba. Mai-Igiya ya saki shinge ya faɗo baya, ta waje, kansa ya bugi siminti. A daidai lokacin bijimin ya kai karo wurin da ƙafar damarsa take, sandar ƙarfen ta lotsa.

Wanda ya fara dukan Akawu Helma ne, da bayan hannu, tabarau ya yi sama. Daga nan bai ƙara tantance hannun kowa ba. Wani ya shure shi a ciki ya durƙusa, wani ya buga masa ƙotar wuƙa a ƙeya. Ya faɗi a magudana, ruwan jini mai ɗumi ya shiga masa hanci. Takalman roba suka yi ta sauka a haƙarƙarinsa. Ya ji haƙoransa na gaba sun bar wurinsu, ya tofar da su don kada ya haɗiye, domin shi mutum ne mai tsari. "Tsohon banza!" "Mahassadi!" "Mijin 'yarka, la'ananne!" Wani ya ɗauko ƙugiyar rataye nama, Birebu ya jefar da tsintsiya ya rungume hannun mutumin, aka haɗa da shi aka tattake. Daga nesa ana jin Manaja a lasifika yana roƙon jama'a da Turanci su kwantar da hankali.

Dukan ya ɗauki lokaci, domin mutane ne masu ƙarfi kuma ransu ya ɓaci da gaske. Sai da hannuwansu suka gaji sannan wani ya tuna da bijimin. Aka waiga aka ga Zuciyar-Zaki, da yake ba wanda ya kula da shi, ya rufe ƙofar gaba da ta baya ya koma kan bencinsa. Bijimin yana tsaye a tsakiyar lungu, harshe a waje, ƙafafu na rawa. Wani ya hau shinge ya zura masa igiya daga sama, ya bi kamar tunkiya. Kafin azahar an feɗe shi an loda a mota.

A asibiti gado biyu aka ba su a ɗaki ɗaya, domin ma'aikatan sun ji an ce 'yan gida ɗaya ne. Likita ya ce Mai-Igiya zai yi tafiya, da sanda tukuna, daga baya wataƙila babu, amma hawan shinge ya ƙare masa. Akawu kuwa haƙarƙari ne suka karye, da muƙamuƙi, kunnen hagu kuma ya daina aiki. Manaja ya aiko da gaisuwa, tare da sanarwar cewa kamfani ya amince Malam Akawu ya huta haka nan, kuma ana roƙon a mayar da ƙamus, domin kayan ofis ne.

Auta takan zo kullum ta zauna a tsakanin gadajen biyu, jaririya a baya. Mijinta ya juya fuska ga bango tun ranar farko, bai ƙara cewa Baba ba. Ita ma ba ta yi wa uban magana ba sai da aka kwance masa wayar da aka ɗaure muƙamuƙinsa da ita. Ranar tana ba shi ruwa da cokali, ba ta dube shi ba ta ce:

"Na ce ka zaɓo masa ƙarama. Ban ce ka karya mini miji ba."

"Na zaɓo," in ji Akawu. Maganar tana fita da iska ta gurbin haƙoran. "Ba ta yi aiki ba."

Ta goge masa haɓa da gefen mayafi, da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake buƙata.

"To shi wannan da ka yi, me littafin naka ya kira shi?"

"Na duba kafin su karɓe. Yana ciki. Amma ba a wajen kalmomin jarumta ba, can wajen na kotu."

Daga ɗaya gadon Mai-Igiya ya ja tsaki mai tsawo, har ƙarfen da aka rataye ƙafarsa a jiki ya motsa. Auta ta ajiye cokalin ta tashi ta gyara masa matashi, ya ture hannunta, ta mayar, ya bari. Akawu ya juya kansa a hankali domin kunnen da ya rage ya fuskanci wajen. Mai-Igiya ya sake jan wani tsakin, wanda ya fi na farko, Akawu kuwa ya rufe ido ya saurare shi har ƙarshe.